Na bar makulli cikin ɗaki

Har na ɗora yatsa kan ordinatar, wato kwamfuta, zan fara aiki, sai Madam Tabita, shugabar buronmu, wato ofishinmu, a Madarunfa, ta ce in kawo takardar tsarin ta gani.

Sarba, wato babbar na'ura, ita ɗaya ce ke kula da dukan injinanmu na cikin ordinatar, waɗanda ba su da gangar jiki, manhaja ce zalla. Rumbun bayananta ya tsufa, shi ne zan sabunta shi. Sunayen manoman garin Gabi masu jiran iri duk cikin injinan nan suke.

Ta ce, "Sani, in abin ya ƙi, ina kwafin bayanan da za ka maido?"

Na ce, "Yana cikin ɗaya daga injinan, Madam."

"Injinan da ka ce sai sarbar ta tashi kake buɗe su?"

Na janye yatsana.

Ta ce, "Wato ka kulle ɗaki, ka bar makullin ciki."

Sati biyu na yi ina rubuta tsarin nan, ita kuwa Madam aikin gona ta karanta, ba ordinatar ba.

Sai da na fitar da kwafi waje, na gwada shi, sannan na taɓa sarbar.

'Yan sana'a, ku faɗi gaskiya: naku makullin yana ina?