Ƙeyar Badaru Mai Hoto

Duk wanda ya zauna unguwar Mabera a Sakkwato ya san shagon Badaru mai hoto ko bai taɓa shiga ba, domin daga bakin titi ake jin dariyar da ake yi a ciki. Siririn mutum ne mai bakin tsiya, shekararsa arba'in da bakwai, ashirin da biyar daga ciki ya yi su da kyamara rataye a wuya. A ƙofar Hubbare ya fara, yana tare masu ziyara daga ƙauyuka, mutanen da in an ce su tsaya a ɗauke su sai su ƙame kamar taɓarya, ido a ƙasa. Can ya koyi ainihin sana'arsa, wato sa mutum ya ɗago ido. Kafin ya danna sai ya tambayi asalinka. In ka ce Bagobiri ne kai, ya ce shi Bayarabe ne ta wajen kaka. In Bafulatani ne, nan take ya zama Babarbare, in kuma Bakabe ne ya rantse jinin Katsinawa ke yawo a jikinsa. Ya yi ta zuba maka tsiya irin ta abokan wasa har ka ɗago kai don ka rama, shi kuwa abin da yake jira ke nan. Mutanen unguwa suna cewa babu wanda ya kai Badaru yawan kakanni a Sakkwato.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, ita ce mahaifiyarsa, Inna Sadiyatu mai daddawa a unguwar Gidan Dare. Badaru ɗanta ne na fari, ita kuwa a ƙauyen manoma ta tashi, inda ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma taɓa haɗa ido da shi ba. Yana yaro "wancan" ne sunansa a bakinta, da ya kama sana'a aka ƙara masa girma ya zama "mai akwati". In ya zo gaishe ta ya durƙusa, sai ta amsa wa randar ruwa ko ƙofar ɗaki. Ya san ba ƙiyayya ba ce, don duk ranar da ta sauke daddawa, mafi kyau ita ake ƙullewa a ce a kai wa "mutanen Mabera". Amma sanin dalili ba ya hana abu ciwo. Mutumin da rabin gari ya kalli tsabar idonsa bai san yadda idon uwarsa yake ba in ya sauka a kansa, kuma abin yana cin sa ko da yake da wasa yake faɗa.

Ana nan sai Rahila Gideon ta zo masa da aiki. Ɗiyar wani malamin makaranta ce, a Sakkwato aka haife ta, yanzu tana shirya wa wata ƙungiya baje kolin hotuna. Suna son hotunan tsofaffin mata talatin masu sana'a, a rataye su a babban ɗaki mutane su zo kallo, a kuma buga su littafi. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kowace ta dubi kyamara kai tsaye, yadda mai buɗe littafin zai ji shi ake kallo. Cikin wata biyu Badaru ya gama ashirin da tara, da mai fura da mai kitso da ungozoma da wata mai saƙar faifai wadda sai da ta bi shi da muciya kafin ta ɗago. Shafi na talatin ya ce na Innarsa ne. Ba taurin kai kawai ba ne. A kwanakin nan likita ya ce yanar ido ta fara rufe mata gani, Badaru kuwa ya tsorata kada ganin ya tafi bai taɓa samun rabonsa ba.

To, a nan aka fara wasan ɓera da kyanwa, sai dai ba a san waye kyanwar ba. Ya fara da sake murya, ya yi sallama daga zaure kamar mai sayen daddawa, kyamara a shirye. Tun kafin ya rufe baki ta ce wa maƙwabciyarta a gaya wa mai sayen nan ya sake takalmi, don jan ƙafarsa iri ɗaya ne da na wani da ta sani. Washegari ya riga ta fitowa tsakar gida, ya laɓe bayan buhunan kalwa. Ta fito, ta tsaya, ta ce ɓeraye sun dame ta a wannan lungu, ta ɗebi ruwan wankin kalwa ta watsa. Wanda ya san warin ruwan nan ya san ranar Badaru bai buɗe shago ba. Ya gwada ta saman katanga daga gidan maƙwabta, ya samo ƙeya. Ya gwada ranar sunan jikar maƙwabciya, cikin taro, ya samo kunne.

Da ya zube wa Rahila abin da ya tara, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce in ya yarda su shirya wani baje kolin daban na kunnen hagun Inna, don ta ƙirga hoto arba'in da ɗaya. Sannan ta daina dariya ta ce masa ranar Juma'a za a kai littafi wurin bugu, in babu hoton za ta sa wata.

Ranar Laraba ya sauke girman kai ya je wurin ƙanwarsa Adawiyya, autar Inna, tela ce a nan Gidan Dare da 'ya'yanta uku. Ita kam a cinyar Inna take kwanciya har yau, su ci a kwano ɗaya, su yi faɗa a kan gishiri. Ya roƙe ta ta tsaya bayan kyamara ta danna, tunda ita Inna tana kallon ta. Ya san ba shi za a kalla ba, amma ya ce ko ba komai shafi ya cika. Adawiyya ta ja masa rai yadda ta ga dama, ta sa shi ya amsa da bakinsa cewa auta ta fi ɗan fari, sannan ta yarda.

Da hantsi ranar Alhamis ya kafa kyamara bisa ƙafafunta uku a tsakar gida, ya daidaita komai, ya nuna wa Adawiyya inda za ta danna. Inna ta fito da sabon zane, ta zauna a kujera 'yar tsugunno, faifan daddawa a gabanta.

"Auta, hwaɗa ma mai akwati ya matsa can, yana tare mani iska," in ji ta.

Ya matsa gefe. Aikinsa ya zama riƙe wani farin faifai babba da ake karkato hasken rana da shi zuwa fuskar mutum. Iska kuwa ta taso ta dinga fizgar faifan, har ya juya baya yana kokawa da shi, hula ta faɗi, akuyar gidan ta zo tana shinshinar ta. Yana jin Adawiyya tana ta dannawa tana ƙyaƙyatawa. Da ya juyo, Inna ta riga ta sunkuyar da kai tana gyara daddawa, ta ce rana ta yi zafi, ta shige ɗaki.

A zaure suka duba abin da aka samu. Hoto goma sha biyu, babu ko ɗaya da ta dubi kyamara. Ransa ya ɓaci, ya buɗe baki zai sauke wa Adawiyya, sai ya lura duk gefe ɗaya take kallo. Ya ƙara girman fuskar. Idanun nan masu yana-yana a buɗe suke tar, bakin yana son yin murmushi tana danne shi, irin kallon da mace ke yi wa yaro mai koyon tafiya. A ƙarshen hoton kuma ga gefen farin faifai da kafaɗar mai riƙe da shi.

"Yaya, kai kaɗai na ba ka sani ba," in ji Adawiyya. "Haka taka yi tun muna yara. Da ka ba da baya sai ta bi ka da ido har ka hita zaure."

Mai bakin da ya gagari Gobirawa da Kabawa ya zauna a dakalin zaure. Ya rufe fuska da hular da akuya ta shinshina, Adawiyya kuwa ta yi masa kara ta koma cikin gida.

Rahila ta daɗe tana kallon hoton, ta ce sharaɗin ita ta kafa shi, ita kuma ta karya. A littafin mata ashirin da tara suna kallon mai karatu, ta talatin tana kallon gefe. Ranar buɗe baje kolin Adawiyya ta kawo Inna a Keke Napep, ta ja ta har gaban hoton da aka yi shi ya kai tsayin ƙofa. Rahila ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambaye ta me take kallo haka.

"Akuya ta, ɗiyata," in ji Inna. "Ta so ta ci hular mutane."

Badaru yana tsaye kusa, sai ya juya ya yi kamar yana gyara wani hoto a bango, ya daɗe yana gyaran abin da ba karkace yake ba.

Har yau ba ta kira sunansa ba, shi ma ya daina kai kyamara gidan. Amma mutanen Gidan Dare sun lura da wani abu. Badaru da aka sani da sauri kamar ana korar sa, in ya gama gaisuwa ya tashi, taku goma ne daga ƙofar ɗakin Inna zuwa zaure, sai ya yi su a hankali kamar mai ciwon ƙafa, kuma ba ya waiwayowa.