Ramin Da Ya Ƙi Fulogina

Na sha tafka wauta a rayuwata, wasu ma ni da kaina nake ba da labarinsu a majalisa a yi dariya. Amma akwai ɗaya da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina, kuma ita ba ta ba ni dariya.

A shekarar da mutane suka yi ta kwararowa Yola don gudun 'yan ta'adda, ina da teburin gyaran rediyo a Jimeta. Aji uku na yi a firamare na gudu, amma kowa "Injiniya" yake ce min, ni kuma in amsa har da gyara hula.

Wata rana da hantsi sai ga wani dattijo daga sansanin Malkohi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, rungume da jaka. Ya zazzage ta a teburina: ƙananan jiragen ƙasa biyu kamar tsawon tafin hannu, da guntayen layin dogo, da wani akwati mai maɓallai. Ɗansa ne ya sayo masa daga waje lokacin da ya yi ritaya, don ya tsokane shi. Ɗan bai fito daga garinsu da rai ba. Gidan ma an ƙone.

"Kowane jirgi da lambarsa," in ji shi. "Ka danna lambar a akwatin nan, shi kaɗai zai tashi, ya kunna fitila, har ya yi kuka. Amma adaftar da ke ba shi wuta a bango na bar ta. So nake in ƙara jin kukan nan sau ɗaya."

"Haba Bappa! Mu da muke ta da rediyon da ya mutu tun zamanin Turawa?"

"Injiniya, akwai rubutu a gefen ramin da ake sa wa akwatin wuta. Ko mu nemi mai karanta mana?"

Maganar ta soke ni. Na ce, "Wuta ba ta jin Turanci, Bappa. Tafi ka yi azahar, ka dawo ka sha kallo."

Yana tafiya na jawo kwalin tsofaffin caja. Ko ɗaya ba ta shiga ba. Wata ƙatuwa ta kwamfuta ce ta kusa, sai dai akwai ɗan tudu a cikin ramin da ya tokare bakin fulogin. Na ce wanda ya ƙera wannan bai iya aiki ba. Na ɗauki reza na fere tudun, na danna da ƙarfi, na kunna.

Tas! Sai ɗan hayaƙi siriri, sai ƙauri.

Daga baya wani mai gyaran kwamfuta ya karanta min rubutun. Ƙarfin wutar da akwatin ke ɗauka ne aka rubuta, tawa kuwa ta zarce shi nesa. Tudun da na fere da gangan aka yi shi, don ya hana irina. Tun ranar na gane cewa abin da ya ƙi shiga, magana yake yi maka, tambaya ake yi, ba dannawa ba.

Amma ba ƙonawar ce ta fi damuna ba. Na yi fifita da kwali don ƙaurin ya fita, da dattijon ya dawo na marairaice fuska na ce, "Bappa, dama a mace yake. Ruwa ya shige shi a hanya."

Dattijon ya matso kusa da teburin. Ya ɗaga akwatin ya shinshina, ya shafa ramin da ɗan yatsa, ya dubi rezar da na manta a kan tebur. Sannan ya nannaɗe jiragen ɗaya bayan ɗaya a tsohon rawani, a hankali, kamar mai yi wa gawa sutura. Ya rataya jakarsa ya ce:

"Wutar can ba ta same shi ba, Injiniya. Ni ne na ɗauko shi na kawo wa taka."