Kofin kunun gyada

Salamu alaikum. Ban iya rubutu ba, maƙwabciyata ce ke danna min.

Ɗazu na tarar da 'yata Hadiza, da tsohon cikinta, tana shan kunun gyada. Na fizge kofin. Ɗanta na fari fa, gyada ya lasa numfashinsa ya sarƙe, sai da motar asibiti ta zo mana har unguwarmu Small Heath, nan Ingila.

Ta ce, "Haba Inna, GP, likitanmu, ya ce cin gyadata ba ya sa wa jariri allergy, wato jikinsa ya ƙi gyada."

Na ce, "GP ɗin ne ya rungumi yaron ran nan?"

Na dai miƙa mata, ta shanye.

Don Allah wadda ta sha da ciki ɗanta ya tashi lafiya, ta gaya min.