Yoyon da Baba Direba Ya Toshe

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan bas ɗin ma'aikatan wata masaƙa, kuma har ya ajiye makulli ba a taɓa tura masa mota a hanya ba. Ka zauna da shi minti biyar sai ka ji wannan labarin, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da tsumma a aljihu, ko kujerar gidan mutane zai zauna sai ya fara kaɗe ta. Dokarsa a kan inji biyu ce tak: kada ya rasa ruwa, kada ya yi yoyo. Yakan ce direban da ya ga ɗigo a ƙarƙashin motarsa ya wuce, a karɓe lasisinsa kawai.

Bana aka yi wa matarsa, Inna, aiki a ƙirji. Daga asibiti babbar 'yarsu, wadda nas ce, ta wuce da ita gidanta. Dalilin a fili yake: ɗakin tsofaffin a saman bene yake, rana na dukansa tun hantsi, fanka sai dai ta yi ta juya zafin, likita kuwa ya ce kada Inna ta zauna cikin zafi. Sati bakwai ke nan Baba yana zaune shi kaɗai, kewa ta ishe shi, har ya fara hira da buta.

Ran Litinin Nas ta kawo masa esin falonta, na'urar sanyaya ɗaki, irin mai taya ɗin nan da ake turawa ɗaki-ɗaki. Ta saƙala babban tiyon da ke fitar da iska mai zafi a taga, ta zura wani siririn tiyo a bokiti, ta kunna.

"Baba, ran Asabar zan zo in duba. In ɗakin nan ya yi sanyi, Inna ta dawo. In bai yi ba, sai dai ka yi haƙuri zafi ya wuce."

"Wata uku fa ke nan, Uwata!"

"Wata uku. Kuma don Allah, Baba, kada ka taɓa masa komai."

A ce wa Baba Direba kada ya taɓa inji? Ai ƙafarta ba ta gama sauka daga bene ba ya fito da tsumma. Ya goge shi tas, ya ɗiga wa tayoyin mai, babban tiyon nan ma ya raɗa masa suna salansa, wai kamar ta mota. Yana cikin jin daɗinsa ya ji ɗis, ɗis. Ya leƙa bokiti, sai ga ruwa ya taru.

"Yoyo! A gidana?"

Ya zagaye esin sau uku yana neman bakin lagireto don ya mayar da ruwan, Allah ya taimake shi bai samu ba. Sai ya ce to, ko ba komai a tsare wanda ya rage. Ya zare siririn tiyon, ya lalubo toton roba a ledar da aka kawo esin da ita, ya danna a ramin, ya naɗe da tef har zagaye biyar. Ɗigo ya tsaya cak. Ranar har maƙwabta sai da suka ji cewa yaran yanzu sun iya sayen inji amma ba su iya riƙonsa ba.

Ran Alhamis da azahar esin ya yi ƙara sau uku, wata jar fitila ta kama ƙiftawa, sanyi ya ɗauke. Baba ya kashe ya kunna, ya bubbuga masa gefe kamar yadda yake yi wa bas, ko gezau. A lissafinsa ruwa ya ƙare, inji ya buga, ga Asabar jibi. Ya zauna a bakin gado gumi na tsiyaya, har da ƙwalla.

Yana nan zaune waya ta yi ƙara. Inna ce, ta saba kiransa in Nas ta tafi aiki.

"Malam, me ya samu muryarka?"

"Lafiya lau."

"Shekara arba'in ina jin lafiya lau ɗinka, wannan ba ita ba ce. Me ka kwance?"

Da ƙyar ya faɗa mata, yana yi yana kare kansa. Can ya ji shiru, ya zaci waya ce ta yanke, ashe dariya take tana dafe ɗinki.

"Wayyo Allah, Malam, za ka farke mini aiki! Ruwan nan ba nasa ba ne. Daga iskar ɗaki yake tsotso shi, zubarwa ake yi. Ka toshe masa hanya, ciki ya cika, shi ya sa ya tsaya."

"Inji ya zubar da ruwa da gangan? Ke Tsohuwa, wa ya gaya miki?"

"Shekara goma sha takwas ina shara a ofis, ka zaci tsintsiya kaɗai nake riƙewa? Irinsa huɗu ne a hannuna, duk sati ni ke wanke su."

Kullum shi ke sauke ta a ƙofar ofishin nan kafin ya ɗauki ma'aikata, kullum ita ke sauraron labarin giya da birki, amma ko sau ɗaya bai taɓa tambayar ta me take yi a ciki ba. Kunya ta kama shi sosai. Ya gyara murya ya ce, "To, ranki ya daɗe, yau ni ne yaron mota. Me zan yi?"

Ta ce ya fara zare wayar esin daga soket. Ya zare. Ya ce bari ya kwantar da shi ya leƙa ƙarƙashi, ta daka masa tsawa: "Kul! Ba a kwantar da shi, a tsaye ake barinsa." Ta sa ya ɗauko farantin ƙarfe mai faɗi ya tura ƙasan ramin, sannan ya warware tef ɗinsa mai zagaye biyar. Yana cire toton ruwa ya tsartu har kan silifas ɗinsa. Faranti biyu ya zubar, ya mayar da siririn tiyon cikin bokiti.

"Yanzu zaro ragar da ke bayansa."

"Au, har filta gare shi?"

"In ka ga dama ka ce mata haka."

Da ya zaro ta sai da ya yi salati. Ƙura ta yi kauri kamar bargo, har da gashin kyanwar jikokinsa. Nan fa aka shigo fagensa. Ya kai ta banɗaki, ya wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, yana bin ramukan da tsohon buroshin haƙori yana 'yar waƙa. Inna ta ce a inuwa zai shanya, kuma kada ya mayar sai ta bushe ƙayau. Ta ce ya janye esin daga jikin bango ya sha iska, ya miƙar da salansar tasa kada ta lanƙwashe, ya toshe gefen tagar da zafi ke dawowa. Ya ce an gama, yallaɓiya.

Inna ta ce, "Kuma kada yarinyar nan ta ji."

"Ni da ke ne."

Bayan la'asar ya mayar da raga, ya yi bisimilla ya danna. Esin ya yi gurnani kaɗan, sai ga iska mai sanyi a fuskarsa. Tsoho da shi ya daka tsalle, har na ƙasa suka aiko a tambaya ko lafiya.

Ran Asabar da rana tsaka Nas ta zo. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ta kara hannu a bakin esin, ta zaro ragar ta ɗaga a haske. Baba yana gefe ya yi tsuru-tsuru, hannu a baya.

"Baba, ni dai ban kawo shi da tsabta haka ba. Wa ya koya maka?"

"Direba ne fa ubanki."

"Uhm. Shi ya sa mai aikina ta ce shekaranjiya Inna ta yi awa guda a waya tana cewa kul." Ta yi murmushi ta mayar da ragar. "Ɗaki ya yi. Je ka shigo da ita, tana cikin mota. Tun da sassafe ta ɗaure kayanta, na ce ta bari in dubo tukuna, ta ce ba ta san wannan ba."

Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya sauka, ya buɗe mata ƙofa, ya kama hannunta, suka hau benen matakala ɗaya-ɗaya, tana hutawa yana jiran ta. Da suka iso bakin ɗaki ya matsa gefe yana nuna mata esin, baki har kunne. Inna ko kallon wajen ba ta yi ba, shi take kallo.

"Malam, ka rame."

Ya buɗe baki zai ce lafiya lau, ya fasa. Sai ya sunkuya ya cire mata takalmi.