Yaya, Kin Faɗa Musu Benen Nan Ba Zai Tsaya Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, injiniya mai duba lafiyar gine-gine, a cikin benen da ita da bakinta ta ce a kwashe mutanensa.

Yaya, ke kika koya mana cewa kowane bene yana ɗan kaɗawa, ko da jikin mutum ba ya ji, kuma idan ginshiƙansa suka yi rauni sai kaɗawar ta rage sauri. Ina tuna ranar da kika kafa na'urarki a falon Inna, mahaifiyarmu, kika hana jikokinta tsalle-tsalle. Inna ta ce, "To, likitar bango, me ke damun ɗakina?" Kika ce, "Lafiyarsa ƙalau, Inna, mazaunansa ne ba sa zama." Kuma duk maƙwabcin da bangonsa ya tsage, da ƙafarki kike zuwa ki duba masa.

Bayan girgizar ƙasar watan jiya, aka sa ki a kwamitin duba ɓarna. Kin taɓa auna benen hayar da ke bayan masaƙa tun yana sabo, kika sake auna shi, kika ga ba shi ba ne, kaɗawarsa ta rage sauri. Kika ce ƙashin ginin ya karye daga ciki. Mai benen ya sa aka liƙe tsagogin da siminti, aka shafa fenti. Shugaban kwamiti ya leƙo ta tagar motarsa, ya ce shi bai ga komai ba. 'Yan kwamitin suka ce na'urarki ce ta lalace. Kika aro wata, ta nuna abu ɗaya. Sai suka cire ki, wai kina tayar wa jama'a hankali.

Ba ki zauna ba. Kika shiga bin ƙofa-ƙofa kina roƙon 'yan haya su fita, wasu su ji, wasu su zage ki, domin hukuma ta ce musu babu komai. Yawancinsu sun fita saboda nacinki. Ranar Talata kin koma hawa na uku ki sauko da wata tsohuwa da ƙafa ta hana tashi. Kuna kan matakala ƙasa ta sake motsawa. Motsin ko kofi bai kayar ba a gidanmu, amma ya kwantar da benen a kanku.

Jiya shugaban kwamitin ya zo zaman makoki da tawagarsa, ya riƙe hannuna yana cewa ƙasa ta yi rashin gwarzuwa. Na yi shiru don idon Inna. Yanzu ina amsa masa: ajali na Allah ne, amma fentin nan hannun mutum ya shafa shi. Akwai sauran benaye da ta ce sun raunana, kuma har yau da yara a cikinsu. Ku fitar da su, ku riƙe yabonku.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, ke da baiwar Allah da kuka tafi tare, Ya haskaka makwancinku. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, ga maigidanki, da 'yan biyunki da har yanzu suke jiran ki a bakin ƙofa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya bi miki hakkinki.