Horon da Yaya Ɗahiru Bai Ƙarasa Ba

Ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, a shekarar 1958, Yaya Ɗahiru ya jera mu a tsakar gidanmu na Azare, ya ce daga yanzu mu ba yara ba ne, alhazai ne. Da la'asar ne, rana ta ɗan yi sanyi amma ƙasa tana nan da zafinta. Ya shimfiɗa tabarmi biyu ya bar 'yar hanya a tsakani, ya zaunar da ƙannena da yaran maƙwabta bibbiyu, kowa ya ɗaura ɗankwali ko guntuwar igiya a ƙugu a matsayin bel ɗin kujerar jirgin sama. A hanyar nan ta tsakiya ya ɗora wata tsohuwar azara a kan duwatsun murhu, ya hau da baƙin takalminsa, yana riƙe da tire mai ɗauke da kofuna cike da ruwa. Ni aikina shi ne in tsuguna a ƙarshen azarar in yi ta girgiza ta iya ƙarfina, domin a cewarsa haka jirgin sama yake yi idan ya shiga gajimare. Yana tafe yana murmushi, yana tambayar kowa ko zai sha shayi, wannan da Hausa, wancan da Fulatanci, ruwan yana rawa a bakin kofi amma bai zuba ba. Ina 'yar shekara tara a lokacin, ko mota ban taɓa shiga ba.

Yaya Ɗahiru shi ne babban wana, ɗan farin Inna. Baba fatauci yake yi na fata da ƙiraga, yana kuma da gona a hanyar Shira. Inna Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Yana, shi ya sa muka tashi da harshe biyu a baki. Shi Yaya har da na uku, don ya tsinci Barbarci a zaure wajen baƙin Baba masu zuwa daga Barno. Da ya gama elementare sai ya sami aiki a gidan saukar baƙi na bariki, inda ya koyi shirya tebur da guga da Turanci. A can ne wani Bature da ya yada zango ya ji shi yana tafinta tsakanin wani direba Babarbare da wata mai tallan nono, ya gaya masa cewa kamfanin jiragen sama a Kano yana neman samari irinsa, domin an fara kai alhazai ta sama, kuma yawancinsu tsofaffi ne da ba sa jin abin da ma'aikatan jirgi ke faɗa. Baba bai so ba da farko. Sai da ya ji cewa hidimar baƙin Allah ce sannan ya sa albarka. Bayan an cire amfanin gona Yaya ya tafi Kano horo, wannan zuwan kuwa hutu ne aka ba su kafin jarrabawar ƙarshe da gwajin likita.

Kwanakin nan na hutunsa lokacin sharar gona ne. Da safe maza su tafi kai taki da jakuna, mu kuma mu yi shara, mu jawo ruwa, mu tafi makaranta. Da yamma a baje mana gyaɗar iri a tabarma mu yi ta ɓara har yatsu su yi ja. A da mukan gudu dandali mu yi gaɗa da carafke, amma tun da Yaya ya dawo babu mai motsawa, domin a wajen ɓarar gyaɗar nan yake ba mu labarin abin da ake koya musu. Mun ɗauka aikin bai wuce miƙa abinci ba. Ya ce wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Ana koya musu yadda za su farfaɗo da wanda ya suma, da yadda za su tsayar da jini, da yadda za su riƙe kan mai amai. Ana kunna wuta a cikin wani ɗaki mai kama da jirgi, a ce su kashe ta cikin hayaƙi. An jefa su cikin wani tafki na siminti da kayansu a jiki, kowa ya jawo ɗan'uwansa zuwa gefe. Dole su haddace inda kowace ƙofa take, har su iya buɗe ta ido a rufe. Kullum da safe wata Baturiya takan duba faratansu da haƙoransu da wuyan rigarsu, wanda ta ga datti a jikinsa ya koma.

Akwai kuma abin da ya ce babu Baturen da zai iya koya masa, wato yadda za a lallashi dattijo ya ajiye butarsa ya yi taimama, ko a hana wata tsohuwa kunna risho a cikin jirgi ba tare da ta ji an wulaƙanta ta ba. Wannan a kan kakarmu yake gwadawa, ita kuwa ta yi ta yi masa gardama da gangan muna dariya. Ya ce idan jirgi zai sauka kunne yakan toshe, sai a raba alewa a tsotsa. Ya ce akwai ƙararrawa, bugu ɗaya fasinja ne ke kira, wani bugun kuma matuƙi ne, dole kunnen ma'aikaci ya bambance su ko da inji yana ruri. Abin da ya fi maimaitawa shi ne: "Idan jirgi ya girgiza, ba taga mutane ke kallo ba, fuskarka suke kallo." Na sha tarar da shi a bayan rumbu shi kaɗai yana gwada natsuwar fuska a gaban wani fasasshen madubi.

Inna ba ta zama a wajen hirar nan. Kunyar ɗan fari irin ta Fulani ta hana ta ko kallonsa sosai, sunansa kuwa ban taɓa jin ya fito daga bakinta ba, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan". Amma na lura duk lokacin da ya fara labari, sai ta rage ƙarar dakanta.

Da aka shiga azumi zafi ya tsananta, sai sanƙarau ya shigo gari. Ya fara ta unguwar mahauta, kafin a ankara ya zagayo tamu. Mai shela ya bi lungu-lungu yana cewa a daina cunkoso a ɗaki, a riƙa kwana a waje. Aka rufe makarantarmu, dandali ya mutu. Kusan kullum sai an wuce da makara ta ƙofar gidanmu, yawanci ƙanana. Wata ƙawata da muke zama benci ɗaya, mun yi wasa da ita ranar Talata, ranar Alhamis aka binne ta. Bayan kwana kaɗan ina jan ruwa a rijiya na ji kaina kamar ana sara shi da gatari. Kafin azahar jikina ya yi zafi rau, ina ta amai, ba na son haske. Yaya ne ya sa hannu ƙarƙashin ƙeyata ya gwada sunkuyar da kaina, wuyan ya ƙi. Fuskarsa ba ta canja ba, ya saɓa ni a kafaɗa sai asibiti.

Ba a cikin asibitin ake ajiye mu ba. An kakkafa rumfunan zana a bayan gari, a can ake kwantar da masu ciwon a kan tabarmi, kowa da mai jinyarsa ɗaya. Inna tana da goyo, aka hana ta shiga. Ranar komawar Yaya Kano kuma ta zo, har direban lorin da zai kai shi ya aiko yaronsa ya ɗauki akwatinsa. Baba ya same shi a bakin zana ya ce ya tafi, shi zai zauna da ni. Daga baya Baba ya sha ba mu labarin amsar da ya ba shi, kansa a sunkuye: "Baba, ka yi haƙuri. An koya mana cewa ma'aikaci shi ne na ƙarshen fita. Ba zan iya barin Dije a haka ba." Ya sa aka dawo da akwatin, ya ba direban saƙo cewa zai makara.

Abin da nake tunawa na kwanakin nan kaɗan ne, kuma a yayyanke. Ina tuna cokali yana taɓa haƙorana, da ɗacin farar ƙwaya da ya daka ya dama da ruwa. Ina tuna jiƙaƙƙen tsumma a goshina. Ina tuna yana juya ni gefe don kada amai ya shaƙe ni. Duk sanda na buɗe ido fuskar nan nake gani, a natse, kamar babu abin da ke faruwa, alhali a tabarmar kusa da ni an ɗauke mutum an kawo wani. Malamin asibiti ɗaya ne ga rumfuna masu yawa, kuma ba ya jin Fulatanci, Fulani kuwa sun cika wurin. Sai Yaya ya zama bakinsa da hannunsa. Yana azumi yana zagawa da bokiti, yana nuna wa iyaye mata yadda za su ɗiga wa yara ruwa, yana rarrashin tsofaffin da suka ƙi ƙwaya.

Ranar da na iya zama da kaina na sha kunu, ranar ya ce kansa yana ciwo. Aka mai da ni gida, shi kuma ya kwanta a tabarmar da na tashi. Baba ne ya yi jinyarsa. Aka yi ƙaramar Salla ba mu san an yi ba, babu wanda ya yi kitso ko lalle a gidanmu. Ya daɗe bai san inda yake ba, har an fara yi wa Baba maganar haƙuri, sai Allah ya tashe shi. Aka kawo shi gida a kan jaki, ya rame ƙwarai, aka shimfiɗa masa a inuwar ɗakin Inna.

Mun ɗauka rashin ƙarfi ne ya sa ba ya amsa gaisuwa. Wata safiya ƙanena ya yi tuntuɓe da tasa a bayansa, ta faɗi da ƙara har kaji suka watse. Kowa ya zabura ban da shi. Inna tana bakin murhu, ta ajiye muciya ta taso a hankali ta tsaya a bayansa. Ta daɗe a tsaye. Sannan, a gaban Baba, a gaban kakarmu, a gabanmu duka, ta buɗe baki ta ce, "Ɗahiru." Ta sake faɗa da ƙarfi. Yana zaune yana kallon bango, yana korar ƙuda daga gwiwarsa. Inna ta ja gyalenta ta rufe fuska ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da yamma.

Duk da haka ya dage sai ya je Kano. Ya ce jikinsa ya san aikin, kuma yana iya karanta leɓen mutum idan an yi magana a hankali. Baba ya raka shi. Bayan 'yan kwanaki suka dawo a lorin gyaɗa. Baba ya ce mutanen sun karɓe su da mutunci, Baturiyar nan malamarsu har da hawaye, amma likita ya tsaya a bayansa ya buga ƙararrawa, shi ke nan magana ta ƙare. Yaya ya mai da musu kayan aikinsu. Abokan horonsa suka tashi da alhazan shekarar, shi kuwa ruwan farko ya same shi a gonar hanyar Shira da fartanya.

Bai taɓa nuna mini ko a fuska cewa ta dalilina ne ba. Daga baya ya kafa teburin shayi a bakin tasha, ya yi aure, ya haifi 'ya'yan da bai taɓa jin kukansu ba. Maganarsa ta riƙa lanƙwashewa shekara bayan shekara, Turancin da Barbarcin suka tafi, har ya zama mu na gida kaɗai ke gane shi. Abu ɗaya ne na san yana yi masa ciwo. A wasu ranaku jirgin gabas yakan ratsa ta saman Azare, mu ji ƙugi mu ɗaga kai, shi kuma ta wuyanmu yake gane abin da ke wucewa. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya yini bai ci abinci ba. Babu wanda ya tara mu ya yi mana faɗa, amma a hankali duk gidan muka daina ɗaga kai. Jirgi zai zo ya wuce, Inna tana tankaɗe, mu muna tsintar wake, kowa idonsa a ƙasa.

Yau Yaya ya daɗe da rasuwa, wurin da aka kafa rumfunan nan ya zama tsakiyar gari, an cika shi da shaguna. Sanƙarau kuwa allura ɗaya ake yi wa yaro, ya yi kuka kaɗan ya koma wasa, ni da kaina nake kai jikokina layi. Akwai 'yar maƙwabtanmu da ke aikin jirgi yanzu, takan zo gaishe ni, tana cewa horon da wuya, ni kuwa in ce mata na sani. Idan jirgi ya ratsa, jikokina sukan fita da gudu suna ɗaga masa hannu, suna kirana in zo in gani. Nakan ce musu ina zuwa, in ci gaba da abin da nake yi. Babu sauran wanda zan ɓoye wa, amma har yau wuyana bai koyi ɗagawa ba.