Ƙullin Majanyi a Kan Teku

Bara na kwana uku a kan teku tare da jikata mai shekara biyu. Kafin nan na yi shekara talatin da biyar ban taka jirgin ruwa ba.

Dalilin ba shi da tsawo. Ina saurayi kwale-kwale ya kife da mu a Yawuri ranar kasuwa. Ina riƙe da hannun ƙanena, hannun ya sulɓe. Ni na fito, shi bai fito ba. Tun daga ranar ban ƙara yarda da ruwa ba, ban kuma ƙara yarda da riƙon hannu ba. Da na zo Dubai sai na sami aikin ɗaurin kaya a wani sito a Al Qusais, kuma aikin ya dace da ni. Abin da na ɗaure yakan isa Kano yadda na ɗaure shi. Shekara goma sha huɗu ina garin nan, ko ƙananan jiragen fito na Deira ban taɓa shiga ba. Gara in zagaya ta ƙasa.

'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce a nan, mijinta kuma ɗan ofis. Shi ya same ni a ɗakina a Hor Al Anz, ya durƙusa, ya ce sun kama mana wuri a babban jirgin yawon shan iska.

"Baba, ba jirgi ba ne fa, gari ne guda. Har da shaguna."

"Gari ba ya yawo."

"Hutu ne, Baba."

"A ƙasa nake hutawa."

Sai ya ce da yarinyar za a tafi. Su biyun ba wanda ya taɓa ganin abin da ruwa yake yi. Na ce ya sa sunana.

Jirgin ya fi benen da nake haya tsawo. Muna shiga yarinyar ta zama tawa, don ita ce ta fari a wurin uwarta. A gabana 'yata ba ta ɗaukarta, ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce "waccan". Ni kuwa amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsoho.

Ko jaka ba mu gama ajiyewa ba sai jiniya ta tashi. Ma'aikata suka cika hanya da riguna masu ruwan goro, suna nuna wa mutane ƙofa. Ban tambayi kowa ba. Na fizge zani da majanyi daga jakar 'yata, na sa yarinyar a baya, na yi mata ƙullin da nake yi wa dilar atamfa. Na ture mutane, na haura bene biyar babu takalmi, har inda na ga an rataye ƙananan jirage. Na kama ƙarfen ɗaya na tsaya.

Can surukina ya iso yana haki.

"Baba, gwaji ne! Kowane jirgi sai an yi kafin a tashi. Dubi, ko igiya ba a kwance ba."

Na duba. Ga tasha, ga motoci, ga wani yana shara. Yarinyar tana bayana tana cin biskit.

"To," na ce. "Gwajin ya yi kyau."

Amma ban kwance ta ba. Kwana biyu tana bayana, sai salla da barci da sauya mata ƙunzugu. Da goyo na ci abinci, shinkafa na zuba mini a wuyan riga. Da goyo na zauna ina kallon ruwa, shi ma yana kallona. Turawa suna ɗaga waya. Wata tsohuwar Balarabiya ta ce masha Allah, ta miƙa wa yarinyar dabino.

"Baba, don Allah, ana kallonmu," in ji 'yata.

"Su kalla. Amarya ta sami jaki, ina ruwansu?"

Gaskiya na ji daɗin kwanakin. Ba kwantena, ba mai ce mini yalla, wato in yi sauri. Shayi ba ya yankewa. Iskar ma ba irin ta cikin gari ba ce.

Rana ta uku da hantsi muka hau can sama, inda aka yi wa yara wurin wanka. Ruwan bai wuce idon sawu ba. Yarinyar ta ga sa'o'inta suna fantsama, ta fara shure-shure.

"Tsoho, sauka! Sauka!"

Na juya da ita. Ta fashe da kuka, tana dukan ƙeyata.

'Yata ta sha gabana. Ba ta taɓa yin haka ba.

"Baba, ina yarinya ko bakin rafi ba ka bar ni na je ba. Ga ni yau uwa, ruwa a baho ma sai gabana ya faɗi. Ba na so 'yata ta gaji wannan."

A gabana ta kira yarinyar "'yata", ba "waccan" ba. Da ta ji abin da ya fito daga bakinta sai ta rufe fuska da mayafi.

Na je kwance goyon, ƙullin ya ƙi hannu, sai da surukina ya sa haƙori. Na naɗe wando, na riƙe hannun yarinyar, muka shiga. Taku uku ta fizge. Na ji yatsunta sun sulɓe daga nawa, kamar na ƙanena.

Ta faɗi zaune. Ruwa ya kai mata cibiya. Ta dube ni, ta ƙyalƙyale da dariya, ta watsa mini a fuska.

Na zauna kusa da ita da kaftanina, har aka kira azahar a wayar surukina.

Yanzu ina nan Hor Al Anz, ina ɗaure kaya a sitona na da. Ranar Lahadi nakan ɗauki amarya mu haye ruwan Deira a jirgin fito, mu sha shayi mu dawo. Tana zama a gefena da kanta. Majanyin yana aljihuna.